Tiyar Gwaggo da Kuɗin Inna

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci na dare na diro daga gado, na yi tuntuɓe da butar alwala, ina lalubar biro cikin duhu domin tun magariba aka ɗauke wuta. Maiɗakina ta farka a firgice tana tambaya ko ɓarawo ne. Na ce mata ba ɓarawo ba ne, gero ne. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in yi addu'a in kwanta. Ina! Na fita tsakar gida, na shimfiɗa tabarma, na kunna fitilar waya, na juya bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa na rubuta lambobi huɗu, na ninka, na raba, sai ga 1.125. Na sake bi ta wata hanya dabam wadda a ganina ba abin da ya haɗa ta da ta farko, sai ga 1.125 kuma ta fito tana kallona. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Na san na faro daga tsakiya. Bari in koma baya.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a nan Daura, ƙarshen mako kuma nakan hau mota in tafi karatun digiri na biyu. Malamin da ke duba aikina ya miƙo mini takardu biyu na wani Ba'amurke, Benjamin Muckenhoupt na Jami'ar Rutgers, dukansu na shekarar 1972, ya ce in karanta in dawo in yi masa bayani da bakina. Mako uku ina juya su. Na kai su makaranta, na kai su gindin darbejiyar ƙofar gida, har ƙarƙashin matashi sun kwana, ko Allah zai sa su shiga ta can.

Fannin da suke ciki ni rinjaye nake kiransa. Yaro a aji ya saba da lissafin daidaito, wannan gefe daidai yake da wancan, sikeli ya tsaya cak. Masu wannan fanni kuwa ba tsayuwar sikeli suke nema ba. So suke su rantse maka cewa wannan gefe ba zai taɓa rinjayar wancan ba, ko me ka ɗora. Abin da suke aunawa kuma inji ne irin na lissafi. Kamar dai injin niƙa, ka zuba tsaba ya fito da gari, sai dai shi lambobi ake zuba masa, aikinsa kuma tarawa ce, irin tarawar da ba ta yankewa wadda a aji muke kira intigiral. Tambayar kullum ɗaya ce: abin da ya fito zai iya fin abin da aka zuba da ninki nawa? In akwai wata lamba tsayayya da ba ya tsallakewa, duk irin zubin da aka yi masa, to injin yana da linzami. In babu, dokin ya ƙwace.

Mafi sauƙin injinan nan shi ne na G. H. Hardy, Baturen Ingila da ya rayu daga 1877 zuwa 1947, wanda aka fi sani da cewa shi ya gayyato Ramanujan daga Indiya zuwa Kambirij. Ɗauki jerin lambobi ka ce cinikinka ne na kowace rana. Kullum da yamma ka haɗa duk abin da ka sayar tun ranar farko, ka raba da yawan kwanakin, ka rubuta matsakaicin. Injin ke nan, ba ƙari. Yanzu ka ninka cinikin kowace rana da kansa, ka tara a gefe guda. Ka ninka kowane matsakaici da kansa, ka tara a ɗaya gefen. Hardy ya ce tarin matsakaitan ba zai taɓa kai ninki 4 na tarin cinikin ba. Ya fara shelanta maganar a 1920, yana neman gajeriyar hanya ce zuwa wata ƙa'idar David Hilbert, cikakkiyar hujjar ta intigiral kuma ta fito a 1925. Edmund Landau na Jamus ne, a wata wasiƙa da ya aika masa a 1921, ya kawo hujjar jerin lambobin da ainihin wannan lamba da ba a iya rage ta.

Wannan ɓangaren na ji daɗinsa tun farko, domin ana gwada shi da biro. Mutum ya yi cinikin 1 a ranar farko, daga nan bai ƙara sayar da ko allura ba har abada. Matsakaitansa su ne 1, rabi, sulusi, rubu'i, haka dai. Ka ninka kowanne da kansa ka tara, jimlar tana tsayawa a wajen 1.645, lambar nan da Euler ya gano tun wajen 1735. Tana ƙasa da 4 nesa. Ya yi ciniki iri ɗaya kwana huɗu ya rufe shago, ninkin ya zama 1.885, in ya tsawaita kwanakin ya doshi 2 ya tsaya. Kafin ka matsa kusa da 4 sai ka samo ɗan kasuwar da cinikinsa ke zagwanyewa a hankali da wani irin tsari, rana ta 4 rabin na farko, rana ta 9 sulusi, rana ta 100 ushiri. Shi ne zai yi ta rarrafe yana dosar 4, sannu ba ta hana zuwa, amma shi ko ya shekara dubu ba zai taɓa ta ba. In kuma ka ƙi ninka lambobin da kansu, ka tara su tsurarsu, linzami ya tsinke nan take, domin 1 da rabi da sulusi da rubu'i tarinsu ba shi da ƙarshe.

Inda na maƙale shi ne nauyi. Ranaku ba ɗaya suke ba, kowa ya sani. Buhun gero a watan Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa sabo bai nuna ba, ba ɗaya yake da buhu a Nuwamba ba. Sai masu lissafi suka ce to a ba kowace rana nauyinta, kafin a tara a ninka abin kowace rana da nauyin ranar, a gefen zubi da gefen gari duka. Wane irin nauyi ne zai bar linzamin a bakin doki?

Injin da Muckenhoupt ya yi wa wannan tambaya ya fi na farko zari. Hardy da abokin aikinsa J. E. Littlewood suka ƙera shi a 1930, kuma da yake Hardy mayen wasan kurket ne, da misalin ɗan wasa mai duba makinsa suka gabatar da shi. Ni ɗan kasuwa mai lallashin zuciyarsa nake gani. Ƙarshen shekara ya buɗe littafinsa, kowace rana ya tsaya a kanta ya dubi duk wani zangon kwanaki da ranar ta faɗa ciki, gajere ko dogo, ta baya ko ta gaba, ya zaɓi wanda matsakaicinsa ya fi tsoka ya rubuta wa ranar. Amsar Muckenhoupt layi ɗaya ce. A kowane zango, ka ɗauki matsakaicin nauyi, ka ɗauki matsakaicin ɗaya-bisa-nauyi, ka ninka su. In akwai lamba guda da duk waɗannan sakamako ba sa wucewa, injin na da linzami. In babu, ba shi da shi. Sharaɗin ake kira A2.

Na haddace shi tsaf, irin haddar yaron da bai san fassara ba. Amma me ya kawo ɗaya-bisa-nauyi? Daga wane rami ya fito? Wa ya ce a kifa nauyi a ninka shi da kansa? Mako uku ke nan ina wannan tambaya, har ranar da rigimar gero ta tashi a gidanmu.

Ƙanena ne ke yi wa gidan awo. Kowace Lahadi yakan hau babur ya tafi kasuwar Mai'adua, can bakin iyakar Nijar, ya auno wa Inna ya auno wa Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wurin mutum ɗaya, a tiya ɗaya. Gwaggo fura take kirɓawa ta sayarwa, masu sayenta ba ruwansu da kaka ko damina, don haka awonta ba ya canzawa, ko gero ya hau ko ya sauka. Inna kuwa kuɗin da nake ba ta ne ba sa canzawa, abin da suka auno shi ke nan, ranar araha a cika mata kwarya, ranar tsada a rufe gindinta kawai. Da sabon gero ya shigo, yaron ya zauna da ɗan littafinsa don nuna ƙwazo, ya haɗa wa kowacce kuɗin da ta kashe a shekara da tiyoyin da ta samu, ya raba. Sai tiyar Gwaggo ta fito da tsada fiye da ta Inna.

Gwaggo ta ajiye muciya. "Au, ashe haka ake yi mini? Uwarka a auno mata da araha, ni bare a auno mini da tsada?"

Yaro ya yi rantsuwa har da hawaye. Inna, da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, ta leƙo ta ce, "Malam, zo ka raba wannan shari'a, ai kai ne mai lissafin."

Na karɓi littafin, na ga kasuwa hamsin da wani abu ba za su shiga kunnen kowa ba a wannan zafin rai, sai na ce mu ƙaddara kasuwa biyu ce kacal a shekara, kuɗin ma mu daidaita su. Da kaka tiya naira 1,500, da damina 3,000. Gwaggo ta auni tiya ɗaya nan, ɗaya can, ta biya 4,500 a tiya biyu, kowace ta tsaya mata 2,250. Inna ta ba da 3,000 nan, 3,000 can, da kaka ta samu tiya biyu, da damina ɗaya, tiya uku a 6,000, kowace 2,000. Ba wanda ya ci kuɗin kowa. Kuɗin Inna ne da kansu suke kwasar da yawa ranar araha, su tsakura ranar tsada. Tsohon abu ne wannan, ina koya wa 'yan aji biyar shi da misalin motar da ta je Katsina da gudu ta dawo a hankali. Gwaggo ta yi tsaki ta ce lissafin boko dai, aka watse, ni kuma na kwanta ina jin kaina alƙali.

Ban san me ya tashe ni ba. Na dai buɗe ido da 2,250 da 2,000 suna yawo a kaina, sai wata murya a cikina ta ce, farashi ai nauyi ne. Farashi nauyin rana ne! To ɗaya-bisa-farashi fa? Shi ne yawan geron da naira ɗaya ke aunowa. Abin da na yi mako uku ina tambayar daga wane rami ya fito, ashe shi ne abin da ke cikin kwaryar Inna kowace Lahadi! Matsakaicin farashi, 2,250, tiyar Gwaggo ke nan. Matsakaicin ɗaya-bisa-farashi, tiya ɗaya da rabi a kowace 3,000, wato ɗaya bisa 2,000, tiyar Inna ke nan a kife. Ka ninka su, ka raba tiyar Gwaggo da tiyar Inna ke nan: 1.125. Lambar Muckenhoupt ba wata aba ba ce illa ninkin da mai awo tsayayye ke biya a kan mai kuɗi tsayayyu. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Wannan kaɗai ya isa ya hana ni barci, amma hannuna bai tsaya ba. Na ce to bari in zuba awon Inna a cikin injin kansa in gani. Zubi: tiya 2 da tiya 1. Nauyi: 1,500 da 3,000. Gefen zubi, 2 sau 2 sau 1,500 ya ba da 6,000, 1 sau 1 sau 3,000 ya ba da 3,000, jimla 9,000. Injin ya baje su, kowace rana ta samu ɗaya da rabi. Ɗaya da rabi sau kansa 2.25, sau 1,500 da sau 3,000, jimla 10,125. Na raba 10,125 da 9,000 hannuna na rawa.

1.125.

Na miƙe tsaye. Na zauna. Na ce ƙila dace ne, bari in gwada wani zubin. Awon Gwaggo, 1 da 1: ninki 1 cif. Na gwada 3 da 1: 1.09. Na gwada 3 da 2: 1.10. Na gwada 1 da babu: 0.75. Na yi ta jefa lambobi kamar mai neman wanda zai ƙaryata shi, ba wanda ya kai awon Inna. Duk duniyar zubin da za a yi wa wannan zango, nata ne ya fi wahalar da injin, kuma wahalar da yake ba shi daidai take da lambar Muckenhoupt, ba ɗigo ɗaya a sama ko a ƙasa. Daga baya na ga dalilin, tsohuwar ƙa'idar nan ce ta Cauchy ta 1821 da kowane ɗalibin jami'a ya sani. A daren dai ban tsaya neman sunan kowa ba. Abin da na gani shi ne rabin maganar Muckenhoupt ya faɗo mini a cinya. In ana son inji ya yi linzami ga kowane zubi, dole ya yi ga awon Inna, a kowane zango. In ya yi ga awon Inna, to ninkin Gwaggo a kan Inna yana da iyaka. Ga inda sharaɗin ya fito. Ba wanda ya ƙago shi, injin ne da kansa ya furta shi da aka matse shi.

Daga nan abubuwa suka riƙa zubowa, ban san wanda zan fara kamawa ba.

Na ninka duk farashin sau goma, 15,000 da 30,000. Lambar ba ta motsa ba, 1.125. Wato ba ruwanta da tsada. Ka lissafa da naira, ka lissafa da sefa kamar yadda baƙin Mai'adua daga ƙetaren iyaka suke yi, ka koma fam da sule na kafin 1973, duk ɗaya. Tsalle take aunawa. Farashi ya ninka biyu tsakanin kasuwa da kasuwa, 1.125. Ya ninka huɗu, 1.56. Ya ninka tara, 2.78. Ya ninka ɗari, 25.5. In bai motsa ba sam, 1, kuma ba ta taɓa sauka ƙasa da 1, wato Gwaggo ba za ta taɓa cin Inna a wannan wasa ba ko shekara nawa za a yi. A nan na ɗan tsaya, domin na ga wani abu da ba na lissafi ba ne kawai. Mun saba kuka da tsada, amma wanda awonsa ba ya raguwa, mai fura, mai ƙosai, mai gidan da bakuna goma ke jira, hawa da saukar farashi kaɗai wani haraji ne a kansa da ba mai rubuta masa rasit. Na bar wannan ga masu tattalin arziki, na koma kan takardata.

Na kifa nauyin, na sa ɗaya-bisa-farashi a matsayin nauyi. Lambar ta dawo yadda take, domin wurin zama kawai biyun suka musanya. Mai saye da mai sayarwa lamba ɗaya suke gani.

Sai rijiyar Kusugu ta faɗo mini a rai, na yi dariya ni kaɗai cikin dare har karen maƙwabta ya amsa. Duk ɗan Daura ya tashi da labarin: macijin da ke cikin rijiyar ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare kansa a zamanin Daurama. To ga nauyi nan tsararre! Juma'a tana da nauyi, sauran kwana shida sifiri. Ɗaya bisa sifiri kuwa ba lamba ba ce, sharaɗin ya rushe tun kafin a fara. Kuma ana ganin dalilin da ido. Ka zuba duk abin da kake so a ranar Talata, gefen zubi zai nuna sifiri, tunda Talata ba ta da nauyi. Amma injin baje abu yake yi, zai ɗebo daga Talata ya kai Juma'a, can kuma akwai nauyi, sai gefen gari ya nuna wani abu. An zuba babu, an sami akwai. Wace lamba za ka ninka sifiri da ita ta rufe wannan? Mulkin macijin Kusugu bai cika sharaɗin A2 ba. Na rubuta haka a gefen takarda, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Amma a nan ne kuma abin ya ba ni mamaki, domin sharaɗin bai hana sifiri ɗungurungum ba. Na ja layi a takarda na ce hanya ce miƙaƙƙiya da ta taso daga bakin rijiyar, nauyin kowane wuri kuma ya danganta da nisansa. In nauyin yana hawa a hankali, taku 4 nauyi 2, taku 9 nauyi 3, taku 100 nauyi 10, to a bakin rijiyar nauyin sifiri ne, amma a ɗigo ɗaya tak. Na yi intigiral ɗin: duk zangon da ya faro daga rijiyar, taku ɗaya ne ko tafiyar yini, lambar 1.33 ce. Linzami na nan! Na ƙara wa hawan kaifi, abin da a aji muke ce wa ɗaga nisa zuwa daraja 0.9, lambar ta koma 5.26. Daraja 0.99, ta haura 50. Daraja 1 cif, inda nauyi ya zama nisan kansa, ta tsinke, kuma abin da ya tsinka ta ɗan'uwan tarin nan ne na 1 da rabi da sulusi da ya tsinka injin Hardy. A kan fili mai faɗi da tsawo iyakar tana matsawa zuwa 2. Nauyi yana da izinin ya faɗi ƙasa warwas, yana da izinin ya haura sama ba iyaka, muddin a ɗigo ne kuma bai yi gaggawa ba.

Kada in yi wa kaina kirarin da ban kai ba. Rabin da na samu shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne a juya maganar: a nuna cewa in kowane zango shi kaɗai ya yi ladabi, to injin nan mai zari, wanda ke leƙa zanguna marasa adadi a lokaci guda, masu hawa kan juna, shi ma zai yi ladabi. Wannan ba ya fitowa daga kwaryar kowa. Muckenhoupt ya bi ta wata hanya mai ban al'ajabi, ya nuna cewa duk nauyin da ya cika sharaɗin, ashe ya cika wanda ya ɗan fi shi tsanani ba tare da an roƙe shi ba, kullum akwai ɗan rara a ɓoye. Ronald Coifman da Charles Fefferman suka sassauta hanyar a 1974.

Abin da ya sa sunan mutumin ya zauna kuwa, shekara ɗaya bayan takardarsa, a 1973, shi da Richard Hunt da Richard Wheeden suka gwada sharaɗin a kan injin Hilbert, wanda ko kama da na matsakaici bai yi ba. Shi wannan yana tara abin da ke gefe ɗaya ne ya debe na ɗaya gefen, na kusa ya fi na nesa ƙarfi, a kan ɗigon kansa kuma ƙarfin ba shi da iyaka, manyan abubuwa biyu ne ke cinye juna a bar ɗan saura. Injiniyoyin rediyo suna aiki da shi, yana kuma cikin lissafin da na'urar hoton asibiti ta CT ke haɗa hoton cikin jiki da shi. Sharaɗin da ya yi masa linzami? Shi ne dai. Tiyar Gwaggo bisa tiyar Inna, a kowane zango.

Sai aka shiga tambayar nawa. In lambar Muckenhoupt ta ninka, ƙarfin injin zai ninka daidai wa daida ne, ko zai zarce? Stephen Buckley ya amsa ta ga injin Hardy da Littlewood a 1993. Ga injin Hilbert sai 2007, a hannun wata Bajamushiya, Stefanie Petermichl. Ga dukan dangin injinan gaba ɗaya, Tuomas Hytönen na ƙasar Finland ya rufe maganar a 2010, aka buga a 2012: daidai wa daida ne. Hujjarsa doguwa ce mai nauyi. A 2013 Andrei Lerner ya fito da gajeriya, kuma da na tuna abin da na karanta game da ita a daren nan sai na dafe kai. Cewa ya yi ƙarfin waɗannan injina masu ban tsoro ba ya wuce na wani inji talaka, wanda ba abin da yake yi sai ɗaukar matsakaici a kan zanguna da aka tsinto jefi-jefi, ba masu cunkushe juna ba, ya tara. Shekara arba'in ana zagaye, aka dawo kan zango da matsakaicinsa, inda ni da fitilar wayata muke zaune.

Kuma ba aikin Turawa ba ne su kaɗai. Christopher Imoru na jami'ar Ile-Ife ya buga aiki a kan dangin ƙa'idar Hardy a wata mujallar lissafi ta Kanada tun 1977, James Oguntuase na jami'ar noma ta Abeokuta kuma ya daɗe yana rubutu a kanta tare da Lars-Erik Persson na Suwidin. Sunayen nan suna cikin jerin da malamina ya ba ni tun ranar farko, ban ko dube su da kyau ba sai da gari ya kusa wayewa.

Ana sallame Asuba na kira shi, ko gaisuwar kirki ban gama ba.

"Ranka ya daɗe, na gano inda ɗaya-bisa-nauyi ya fito. Awon mai kuɗi tsayayyu ne. Shi ne zubin da ya fi kowanne..."

Ya bar ni na yi ta zuba har numfashina ya ƙare, gero, Mai'adua, maciji, duka. Sannan ya yi dariya mai tsawo ya ce, "Malam, ai abin da ka faɗa shi ne 'yan layukan farko na hujjar, ka sa zubi ya zama ɗaya-bisa-nauyi. Sau nawa ka karanta wurin?" Na ce ya fi sau ashirin. Ya ce, "To yau ka karanta shi. Geron nan ka rubuto mini shi yadda ka faɗa. Ɗaya rabin kuma yana jiranka ranar Asabar."

Da hantsi na shiga sashen Gwaggo da takardata a hannu, na same ta a bakin turmi. Na durƙusa na gaishe ta, na ce mata rigimarta ta jiya ta warware mini abin da ya gagare ni mako uku, kuma akwai wani Bature a Amurka da ya yi suna a duniya saboda bambancin tiyarta da ta Inna. Ta tsaya da taɓarya a sama.

"Shi ma fura yake yi?"

Na ce a'a, malamin lissafi ne, ya rasu a 2020.

"Allah Sarki. To kai ɗan nan, tunda ka ce yaron bai ci kuɗina ba, na yarda. Amma ɗari biyu da hamsin ɗin nan da ke kan kowace tiya, shi Baturen ya faɗi wanda zai biya ni?"

Na ce bai faɗa ba. Ta ce ta san za a rina, ta sauke taɓaryar, ta ce in matsa mata daga hasken ƙofa, in kuma zan wuce in turo mata ƙanena, tana son ji ko Lahadin nan zai iya ɗauko mata buhu guda tun gero yana ƙasa.